Kamfanin jirgin sama ba daga fenti ake fara shi ba

Kusan duk lokacin da wata gwamnati ko wani attajiri ya ce zai kafa kamfanin jiragen sama, abu iri ɗaya ake fara nuna wa jama'a: suna, tambari, hoton jirgi da fenti mai sheƙi, sai ranar da za a fara tashi. Kwanakin nan na sake jin ana ta tafi a kan irin wannan sanarwa, kuma cikin masu tafin ban ji wanda ya tambaya ko kamfanin ya samu izinin ɗaukar fasinja ba, ko matuƙa nawa ya ɗauka, ko kuɗin wata nawa ke ajiye a asusunsa. Wannan shirun ne ya dame ni.

Matsayina a fili yake. A wannan sana'a samun jirgi shi ne mafi sauƙi, mai kuɗi zai iya hayo shi cikin 'yan makonni. Wahalar tana wurin takardar izini, da mutanen da za su riƙe ta, da kuɗin da za a yi ta kashewa wata da watanni kafin riba ta leƙo. Saboda haka bikin ƙaddamarwa a ƙarshe ya kamata ya zo. Wanda ya sa rana kafin ya kammala waɗannan, bai kamata hukuma ta bar shi ya karɓi kuɗin tikitin kowa ba, balle a zuba masa dukiyar jama'a.

Izini kafin komai

Izini biyu ake nema a yawancin ƙasashe. Na farko na kasuwanci ne, a nan ake duba su wane ne masu kamfanin, daga ina kuɗinsu ya fito, kuma ko 'yan ƙasa ne ke riƙe da ragamarsa. A Amurka baƙo ba ya mallakar fiye da kashi 25 cikin 100 na hannun jarin da ke da ƙuri'a, a Tarayyar Turai kuma dole rinjaye ya kasance a hannun 'yan tarayyar. Na biyu shi ne takardar shaidar cewa kamfanin zai iya ɗaukar mutane ya sauke su lafiya, wadda 'yan harkar ke kira AOC. Wanda ba shi da ita, ko jirage goma ya jera a fili, ba zai ɗauki fasinja ɗaya da kansa ba.

Hukumar ICAO, wadda ke tsara ƙa'idojin sufurin sama na duniya daga birnin Montreal, ta raba neman wannan takarda mataki biyar, kuma haka akasarin ƙasashe ke bi. Za a fara zama da hukuma a faɗa mata irin aikin da ake son yi da irin jirgin. Sai a shigar da takardar nema tare da littattafan aiki. Sai masu bincike su karanta littattafan shafi-shafi. Sai su fito su ga ko abin da aka rubuta shi ake yi. In sun gamsu, su sa hannu.

A mataki na uku da na huɗu ake shan wuya. Babban littafin aiki kaɗai kashi huɗu ne: ƙa'idojin kamfanin gaba ɗaya, yadda ake sarrafa irin jirgin da aka zaɓa, bayanin hanyoyi da filayen sauka, da tsarin horo. Ga littafin gyara, ga na tsaro, ga na tattara rahoton kurakurai. Masu gaggawa sukan ɗauko littafin wani kamfani su canja suna, sai mai bincike ya tarar an ambaci jirgin da ba su da shi ko ofishin da ba su buɗe ba, ya mayar musu da shi. Kowace mayarwa makonni ne, kuma albashi bai tsaya ba.

Akwai wani kundi da ya kamata mai karatu ya san da shi, domin shi ke nuna zurfin abin. Jerin kayan jirgi ne ɗaya bayan ɗaya, an rubuta wanda in ya lalace jirgi zai iya tashi, da sharuɗɗan tashin, da kwanakin da aka ba da a gyara: wani kwana 3, wani kwana 10, wani kwana 120. Abin da ya shafi lafiyar tashi kuma ba ya cikin jerin, in ya lalace jirgi ya zauna ke nan. Kyaftin da injiniya wannan kundi suke buɗewa da asuba in wata fitila ta kama a gaban matuƙi. Kamfanin da bai ajiye kayan gyara ba, da wa'adin ya cika sai jirginsa ya kwanta a kan abin da bai fi tafin hannu ba.

A mataki na huɗu za a tashi jirgi babu fasinja mai biya, a wasu ƙasashe har awa 50, masu bincike na zaune a ciki. Ana cikin tafiya za su ce a ɗauka an rufe filin da za a sauka, ko fasinja ya yanke jiki ya faɗi, su ga abin da matuƙa da ma'aikatan ƙasa za su yi. Duk man da aka ƙona a wannan gwaji daga aljihun kamfani yake fita.

Kuɗi ba sa gajarta wannan hanya yadda ake zato. Saudiyya ta sanar da kafa Riyadh Air a Maris 2023, asusun zuba jarin ƙasar ne ke bayansa, amma sai a 2025 ya karɓi AOC. A ɗaya gefen, an bayyana suna da tambarin Nigeria Air tun Yuli 2018 a baje kolin jirage na Farnborough a Ingila. A ranar 26 ga Mayu 2023 wani Boeing 737 ya sauka a Abuja da wannan fenti. Jirgin na Ethiopian Airlines ne, lambar rajistar Habasha ce a jikinsa, kamfanin da aka rubuta sunansa kuma ba shi da AOC. Aka yi biki, jirgi ya koma wurin masu shi, kamfanin bai taɓa ɗaukar fasinja ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Mutane

Hukuma ba ta ba gini ko tambari izini. Mutane take dubawa da sunayensu: shugaban da alhakin komai ke wuyansa kuma yake da ikon fitar da kuɗi, mai kula da zirga-zirga, mai kula da lafiyar jirage, mai kula da horo, mai kula da ayyukan ƙasa, da mai sa ido kan kiyaye haɗari. Kowanne sai an duba takardunsa da shekarun aikinsa, an kuma amince da shi. In ɗaya ya ajiye aiki ba a maye gurbinsa ba, takardar kanta tana cikin haɗari.

Sai matuƙa. Mutane na ganin biyu a gaban jirgi sai su ɗauka biyu ake buƙata. A dokar Turai matuƙi ba ya wuce awa 100 a sama cikin kwana 28, ko awa 900 a shekara, kuma dokokin sauran ƙasashe ba su yi nisa da haka ba. In aka haɗa da hutu, rashin lafiya da horo, jirgi ɗaya mai aiki sosai yana cin wajen matuƙa goma. Jirage uku, wajen talatin ke nan. Kowannensu sai yana da shaidar tuƙa wannan irin jirgi takamaimai, kuma duk wata shida zai koma na'urar kwaikwayon tuƙi a sake gwada shi. In babu na'urar a ƙasar, sai a biya masa tikiti da masauki da kuɗin awa a waje. Ma'aikatan cikin jirgi kuwa ɗaya ne ga kowace kujera 50, don haka Boeing 737-800 mai kujera 189 ba ya tashi da ƙasa da huɗu.

Duk waɗannan ana ɗaukarsu ana biyansu tun kafin a sayar da tikitin farko. Shi ya sa nake ganin ganganci ne sabon kamfani ya fara da jirage iri biyu ko uku. Kowane iri da matuƙansa, da injiniyoyinsa, da ɗakin kayan gyaransa, da littattafansa. Southwest ta Amurka ta fara a 1971 da jirage uku tsakanin Dallas, Houston da San Antonio, ta kuma gina kanta a kan Boeing 737 har ta tara ɗaruruwansu. Dalili ke nan.

Inda kuɗin ke zurarewa

Ko a shekara mai kyau, abin da kamfanonin jiragen duniya ke samu in an haɗa su bai wuce kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na cinikinsu ba, ribar da ba ta kai dala 10 a kan kowane fasinja ba. Wannan lissafin tsofaffin kamfanoni ne masu suna da kwastomomi. Sabon shiga a asara yake farawa.

Man jirgi kaɗai yana cin kwata zuwa sulusin kuɗin da ake kashewa. 737-800 yana shan wajen tan biyu da rabi a awa, kuma masu sayar da mai ba sa ba sabon kamfani bashi, sai an biya kafin a zuba. Kuɗin haya kuma ba ruwansa da ko jirgi ya tashi. Jirgin da ke yin awa 12 a rana zai yi awa 360 a wata, wanda ke yin awa 5 zai yi 150, kuma haya ɗaya za su biya. Kowace awa ta na biyun ta ninka ta na farkon tsada har da ɗoriya. Saboda haka ne kamfanonin araha irin Ryanair ke tsara sauke fasinja da ɗaukar wasu cikin minti 25. Filin da ba shi da fitilun sauka da dare kuwa, da rana ta faɗi ya yanke wa kamfani awoyinsa.

Kujera ma ba ta ajiyuwa. Da an rufe ƙofa, wadda babu kowa a kanta ta tafi a banza. A ce sai an sayar da tikiti 140 cikin 189 kafin a mayar da kuɗin tafiya. Ranar da aka samu 150, ribar tikiti goma ce kacal. Ranar da aka samu 90, asarar hamsin ce, sai an yi ranaku biyar masu kyau kafin a cike ramin rana ɗaya. Sabuwar hanya kuwa takan ɗauki watanni kafin mutane su saba da ita.

Sannan ga gyara. Duk wata 18 zuwa 24 jirgi zai shiga babban duba, a kwance shi a bincika, ya yi makonni ba ya aiki. Buɗe inji ɗaya a yi masa garambawul miliyoyin daloli ne. Ban da abin da ba a sa masa rana. Tsuntsu ya faɗa inji wajen tashi, sai a zura siririyar kyamara a leƙa ciki, a tarar fukafukan farfelar gaban injin sun lanƙwashe, a yi odar sababbi daga wata nahiya, a jira dala, a jira kwastan. Kamfani mai jirage uku, ɗaya yana babban duba, ɗaya tsuntsu ya kwantar da shi, saura ɗaya ya ɗauki aikin uku. Daga nan jinkiri da soke tafiya ke farawa, fasinja kuma ba ya mantawa.

Abin da ya fi kashe kamfanonin ƙasashe masu raunin kuɗi shi ne haya, inshora, kayan gyara da horo duk da dala ake biya, tikiti kuma da kuɗin gida ake sayarwa. In kuɗin gida ya faɗi da rabi, hayar ta ninka a dare ɗaya ba tare da an ƙara kujera ko ɗaya ba. Wani lokaci ma dalar ce babu. A tsakiyar 2023 kuɗin kamfanonin waje da suka maƙale a Najeriya sun kai wajen dala miliyan 850, a lissafin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya.

Tarayyar Turai ta yi abin da ya dace a dokarta ta 2008. Mai neman lasisi sai ya nuna zai iya sauke nauyin da ke kansa na wata 24, kuma yana da kuɗin tafiyar da kamfani na wata uku ko da sisi bai shigo ba. Ni a ganina wata uku shi ne mafi ƙanƙanta, kuma inda kuɗin gida ke rawa, a nemi a ga kuɗin da dala a asusu.

"Ai na Dubai da na Habasha ma gwamnati ce ta kafa su"

Gaskiya ne, kuma ban ce gwamnati ba ta iya mallakar kamfanin jirgi ba. Amma a duba yadda suka fara. Emirates ta Dubai ta tashi a Oktoba 1985 da jarin dala miliyan 10 da jirage biyu da ta hayo daga kamfanin Pakistan, tafiyarta ta farko Karachi ce, aka kuma damƙa gudanarwa ga Maurice Flanagan, wanda ya shafe shekaru a harkar. Ethiopian ta fara a Afrilu 1946 da tsofaffin jiragen soja biyar, zuwa Alƙahira, ta yi kusan shekara talatin tana aiki da kamfanin TWA na Amurka har 'yan ƙasa suka ƙware suka karɓa. Ta gina makarantar horonta da wurin gyaranta a Addis Ababa. Mulki ya canja hannu a ƙasar daga sarki zuwa soja zuwa farar hula, kamfanin na tafiya a matsayin kasuwanci.

Waɗanda suka durƙushe sun fi waɗannan yawa. Nigeria Airways, da aka kafa a 1958, ta tsaya a 2003. South African Airways ta shiga hannun masu ceto daga bashi a Disamba 2019. Alitalia ta rufe a Oktoba 2021 bayan gwamnatin Italiya ta zuba mata biliyoyin yuro. Cutar da ke kama kamfanonin gwamnati sananniya ce: ma'aikatu su hau jirgi bashi ba su biya ba, a buɗe hanya don faranta wa wani babba, a cika ofis da ma'aikatan alfarma, sabon minista ya zo da sabon shugaba. Gwamnatin da ba ta shirya rubuta a doka cewa za ta biya tikitinta kamar kowa kuma ba za ta sa baki a zaɓen hanya ba, ta bar kuɗin a asibiti da makaranta.

"To garuruwan da ba wanda ke zuwa fa?"

Wannan hujja tana da nauyi. Akwai wuraren da hanyar mota ke da nisa ko haɗari, fasinjojin kuma ba su isa cika jirgi ba. Amma ba sai an kafa kamfani guda ba kafin a kai musu jirgi. Amurka tun 1978 take biyan kamfanoni masu zaman kansu tallafi su riƙa sauka a ƙananan garuruwa, Turai ma na da irin wannan tsari. Ana fitar da hanyar a fili, kamfanoni su yi takara, a san nawa ake biya a shekara, in ba a ga amfani ba a daina. Irin wannan hanya ma ƙaramin jirgi mai farfela take so, kamar ATR 72 mai kujera 70 da 'yan kai, wanda man da yake sha a awa bai kai sulusin na 737 ba.

"Haya asara ce, gara a saya"

Kusan rabin jiragen fasinja na duniya na haya ne, har da na manyan kamfanoni. Wanda ya yi odar sabon A320 ko 737 daga masana'anta yau, shekaru zai yi a layi, yana biyan kafin alƙalami. Wanda ya kwashe jarinsa ya sayi tsoho kuma, ranar da inji ya nemi garambawul zai tarar asusu wayam.

Haya iri biyu ce. Akwai wadda ake kawo jirgi da matuƙansa da gyaransa da inshorarsa, ana biya a kan awa, yana tashi da takardar mai shi. Tana da tsada, amma ta dace da gwada hanya ko cike giɓi. Da irinta easyJet ta fara a Nuwamba 1995, da jirage biyu daga Luton zuwa Glasgow da Edinburgh. Akwai kuma hayar jirgi zalla ta shekaru, wadda sai mai AOC. A nan za a ajiye kuɗin jingina na wata biyu ko uku, kuma duk wata a biya wani kaso a kan kowace awa da jirgi ya yi, a tara don babban gyara. Masu sabon kamfani sukan manta da wannan kaso a lissafinsu na farko.

Haɗarin haya shi ne mai jirgi ba ya jira. Yarjejeniyar Cape Town ta 2001 ta sauƙaƙa masa soke rajistar jirginsa ya fitar da shi in an kasa biya. Bonza ta Ostireliya ta fara tashi a Janairu 2023, a Afrilu 2024 masu jirage suka karɓe kayansu, kamfanin ya tsaya a rana ɗaya. Duk da haka ƙasar da kotunanta ke hana mai jirgi ɗaukar kayansa ba ta taimaki kamfanoninta ba, domin na gaba da zai zo haya za a tsawwala masa, ko a hana shi.

"Tsaurin hukuma ne ke hana gasa"

A nan ina tare da masu ƙorafi har rabin hanya. Inda takarda ke kwana wata biyu a tebur saboda masu bincike sun yi kaɗan, ko aka jibga wa tikiti haraji iri-iri, laifin hukuma ne, a gyara. Gurbin sauka da tashi a manyan filaye ma ya zama katanga: a 2016 an ruwaito Oman Air ta biya dala miliyan 75 a kan gurbi biyu a filin jirgin Heathrow na Landan. Hanyar ƙasa da ƙasa kuma sai yarjejeniyar gwamnatocin biyu ta ba da dama, kuma duk da shawarar Yamoussoukro ta 1999 ta buɗe hanyoyin sama tsakanin ƙasashen Afirka da kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya da Tarayyar Afirka ta ƙaddamar a 2018, sararin Afirka bai buɗe yadda aka yi alkawari ba.

Amma a ce a tsallake gwajin tashi, ko a sa hannu saboda an riga an gayyaci shugaban ƙasa biki, wannan ban yarda ba ko kaɗan. Tun 2006 Tarayyar Turai ke fitar da jerin kamfanonin da ta hana shiga sararinta, kuma sau da yawa ƙasa guda take sawa in ta ga hukumarta ba ta sa ido. Takarda ɗaya da aka bayar don kunya tana iya rufe wa duk kamfanonin ƙasar ƙofa.

Masu cewa wanda ya fara ƙarami manya za su murƙushe shi da karya farashi, su ma ba ƙarya suka yi ba, ana yi. Sai dai wanda ya fara da jirage goma a hanyar da manyan ke ci, asararsa ce za ta ninka goma. Mafita ita ce a nemi garuruwa biyu ko uku da mutane ke wahalar zuwa, a riƙe lokaci, a bar hanya ta biya kanta kafin a ƙara wata.

Kuɗin tikiti amana ne

Tikitin da aka sayar yau don tafiyar wata mai zuwa bashi ne a kan kamfani har sai ya kai mutum inda ya ce. Bankunan da ke karɓar kuɗin kati sun san haka, shi ya sa suke riƙe wa sabon kamfani wani kaso, wani lokaci duka, sai an yi tafiyar. Kamfanin da ke biyan man yau da kuɗin tikitin gobe ya riga ya shiga rami, kuma ranar da ya tsaya fasinja ne a ƙarshen layin masu bin bashi. Da Monarch ta Birtaniya ta rushe a Oktoba 2017, mutane wajen 110,000 ne suka maƙale a waje, sai da hukumar sufurin sama ta ƙasar ta hayo jirage domin kwaso su. Ƙasashe kaɗan ne ke da ƙarfin yin haka.

A Amurka doka ta hana mai neman lasisi tallata jadawali kafin a amince da buƙatarsa, ta kuma hana shi karɓar kuɗi ko ba da tikiti sai izininsa ya fara aiki. Wannan ya kamata kowace hukuma ta ɗauka, ta ƙara da tilasta wa sabon kamfani ajiye kuɗin tikitin da ba a yi tafiyarsa ba a asusu na dabam, aƙalla a shekararsa ta farko. In kuma da kuɗin jama'a a ciki, a wallafa lambar AOC, da sunan mai jiragen, da tsawon hayar, da adadin kuɗin da aka ware don asarar shekara biyun farko, kafin a buga katin gayyata.